Kula da Lafiyar Ƙafa: Ɗabi'un Yau da Kullum da Ya Kamata Mu Shiga Sabuwar Shekara da Su

Gabatarwa

A duk lokacin da sabuwar shekara ta kama, jama'a da dama sukan ƙudiri aniyar gyara wani abu a rayuwarsu. Wani ya ce zai rage ƙiba, wani ya ce zai bar shan taba, wani kuma ya ce zai riƙa motsa jiki. Amma da wuya a ji wanda ya ce a bana zai kula da ƙafarsa, alhali kuwa ita ce take ɗauke da mu tun daga fitowar alfijir har zuwa lokacin kwanciya. Manomi da ɗan dako da mai ga-ruwa, malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da uwargidan da ke yini a tsaye a madafa, dukkansu da ƙafa suke neman abincinsu. Ranar da ta ƙi takuwa, sana'a ta tsaya, zumunci ma ya tsaya, domin Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Wani abin lura kuma shi ne, a nan ƙasarmu watan Janairu yakan zo ne a tsakiyar hunturu, lokacin da busasshiyar iska da ƙura suke tsotse danshin fata, kaushi da faso su addabi manya da yara. Saboda haka farkon shekara lokaci ne da ya dace mu tunatar da al'ummar jiharmu wannan al'amari.

Abin da muke son isarwa a wannan bayani guda ɗaya ne: mafi yawan matsalolin ƙafa, har da waɗanda kan kai ga yanke ta a asibiti, daga ƙaramin abu suke farawa, kuma ana iya tare su da 'yan mintoci kaɗan na kulawa a kowace rana, ba tare da kashe wani kuɗi mai yawa ba.

Yadda Ƙafa Take

Masana ilimin jikin ɗan Adam sun bayyana cewa kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, da kuma tsokoki da jijiyoyi fiye da 100 da suke riƙe da su. Idan aka haɗa ƙafafu biyu, ƙasusuwa 52 ke nan, wato kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi. Tsakiyar tafin ƙafa a ɗan lanƙwashe take kamar baka, kuma wannan lanƙwasa ce take rage ƙarfin dukan ƙasa a duk takun da muka yi. Akwai wata jijiya mai faɗi da ta taso daga dunduniya zuwa gindin yatsu tana tallafe da wannan baka, sai kuma agara, wadda ta haɗa dunduniya da tsokar bayan ƙwauri.

Fatar tafin ƙafa ta fi ta sauran jiki kauri. Tana da ƙofofin gumi masu yawa, amma ba ta fitar da maiƙo kamar fatar fuska, shi ya sa take saurin bushewa. Haka zalika ƙafa ita ce sashen jiki mafi nisa daga zuciya, don haka idan jini ya fara samun cikas wajen zagayawa, ko jijiyoyin da ke kai saƙon ji suka fara lalacewa, sau da yawa a ƙafa ake fara ganin alama. Wannan ne dalilin da ya sa likita kan bukaci majiyyaci ya cire takalmi ko da ba ciwon ƙafa ne ya kai shi ba.

Wankewa da Tsanewa

Ɗabi'a ta farko ita ce wanke ƙafa da sabulu da ruwa mai tsabta aƙalla sau ɗaya a rana, a cuɗa tafin ƙafa da dunduniya da tsakanin yatsu da gefen farce. Ruwan ɗumi ya wadatar. Ruwa mai zafi ƙwarai yana ƙara busar da fata, kuma jiƙa ƙafa a ruwa na dogon lokaci yana sa fatar ta yi laushin da ke sa ta saurin tsagewa.

Da yawa daga cikinmu suna wanke ƙafa sau da dama a rana a wajen alwala, kuma wannan babbar fa'ida ce ga tsabta. Abin da aka fi mantawa shi ne tsane ruwan. Idan aka cusa jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa da takalmi sau-ciki, laimar da ta maƙale a tsakanin yatsu takan zama matattarar ƙwayoyin cuta dangin funfuna. Su ne suke haddasa cin ruwa, inda tsakanin yatsu, musamman ƙaramin yatsa da na kusa da shi, kan yi fari ya saɓule, ya riƙa ƙaiƙayi da wari. Ana ɗaukar wannan cuta ta hanyar taka jiƙaƙƙen daɓen banɗaki da ake tarayya a kansa, ko ta aron silifas da tawul da safa.

Don haka muna ba da shawarar a ajiye ɗan ƙyalle mai tsabta na goge ƙafa, a kuma tabbata tsakanin yatsu ya bushe kafin a sa takalmi. Wanda ya riga ya kamu da cin ruwa ya nemi man shafawar da ma'aikacin lafiya zai rubuta masa, ya kuma ci gaba da shafawa har ƙarshen kwanakin da aka ɗibar masa ko da ƙaiƙayin ya lafa, domin dainawa da wuri ke sa cutar ta dawo.

Kaushi da Faso

Kaushi shi ne kaurin da fatar dunduniya da gefen ƙafa take yi saboda bushewa da yawan guga. Idan ya yi yawa, nauyin jiki ya danna shi, sai ya tsage ya zama faso. Mutane da yawa suna ɗaukar faso a matsayin abin kunya kawai, amma idan ya yi zurfi yakan yi jini, ya hana taka ƙasa, ya kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganinsa na yau da kullum ba shi da tsada. Bayan wanka, tun fata tana da ɗan danshi, a shafa man kaɗanya ko basilin ko gilisirin a dunduniya da tafin ƙafa da bayanta. Kada a shafa mai a tsakanin yatsu, domin wurin bushewa yake bukata. A lokacin hunturu yana da kyau a sake shafawa da dare, a sa safar auduga a kwana da ita. Mai lafiya yana iya goge kaushi a hankali da dutsen guga sau ɗaya ko biyu a mako, bayan ƙafa ta jiƙa, ba tare da matsawa har fata ta yi ja ba. Kada a kuskura a fere kaushi ko kanta da reza ko wuƙa. Silifas da takalman da ba su rufe dunduniya suna ƙara faso, saboda haka mai fama da shi ya fi dacewa da takalmi mai rufaffen baya har ya warke.

Ga iyayenmu mata da 'yan'uwanmu masu ƙunshi, lallen gargajiya da aka sani na ganye ba kasafai yake cutarwa ba. Sai dai baƙin lalle, wanda akan haɗa da sinadarin rinin gashi, yana iya ƙona fata ya tayar da ƙuraje da bororo ga wasu mutane. Haka nan kada a sa lalle a kan faso ko buɗaɗɗen rauni.

Yankan Farce

Farcen ƙafa ba ya saurin tsiro kamar na hannu. Idan ya cire gaba ɗaya yakan ɗauki watanni 12 zuwa 18 kafin ya dawo yadda yake, don haka lalata shi ba ƙaramar asara ba ce. Hanyar da ta dace ita ce a yanke shi a miƙe, daidai da bakin yatsa, sannan a ɗan goge kaifin gefe. Idan aka yanke shi ƙwarai, ko aka ƙwaƙule gefensa, sabon farcen da zai fito yana iya nutsewa cikin nama, musamman a babban yatsa, wurin ya kumbura ya tara ruwa. Lokacin da ya fi sauƙin yanka shi ne bayan wanka.

A garuruwanmu akwai masu sana'ar yankan farce da suke zagayawa kasuwanni da majalisu, kuma suna taimaka wa jama'a. Haɗarin da ke ciki shi ne amfani da almakashi ko wuƙa ɗaya ga mutane da yawa ba tare da an tsabtace ta yadda ya kamata ba. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a kan ƙarfe har tsawon kwana 7 aƙalla, kuma ɗan jinin da ido ba ya gani ya isa ya yaɗa ta. Goge wuƙa da tsumma ba ya kashe ta. Abin da ya fi shi ne kowa ya mallaki abin yankan farcensa, idan ma zai ba mai sana'a ya yanke masa, ya miƙa masa nasa.

Zaɓen Takalmi da Safa

Kaso mai yawa na ciwon ƙafa daga takalmi yake tasowa. Matsattsen takalmi yana jawo bororo da kanta da nutsewar farce, kuma a tsawon shekaru yana ƙara tsananta karkacewar babban yatsa. Wanda ya yi yawa kuma yakan sa ƙafa ta riƙa zamewa tana guga. Ga wasu ƙa'idoji da ya kamata a kiyaye:

1. A sayi takalmi da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini.

2. A gwada ƙafafu biyu a tsaye, a kuma ɗan taka. Yawancin mutane ƙafarsu ɗaya ta ɗan fi ɗaya girma, sai a bi ma'aunin babbar.

3. A bar sarari kimanin santimita 1, wato kusan faɗin yatsan hannu, tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi.

4. Kada a yarda da cewa takalmin zai buɗe idan an sa shi. Wanda ya matse a kanti zai ci ƙafa a gida.

5. A zaɓi mai faɗin baki, wanda ƙasansa yake da ɗan kauri kuma ba ya santsi. Fata da yadi sun fi roba barin iska ta shiga.

6. Takalmi mai tsini yana tura nauyin jiki kan yatsu. A bar shi don biki na ɗan lokaci, kada ya zama na zuwa aiki kullum.

Silifas yana da amfaninsa a banɗaki da tsakar gida, amma ba ya riƙe ƙafa kuma ba ya kare ta daga ƙaya da tuntuɓe, don haka bai dace da doguwar tafiya ko hawa babur ko aikin gini ba. Wanda ya sayi takalmin gwanjo ya duba ko ƙasansa ya cinye ta gefe guda, ya kuma wanke shi ya shanya a rana kafin ya sa. Idan da hali a riƙa hutar da takalmi kwana guda domin gumin cikinsa ya bushe. Safa kuma a canza ta kullum, a guji mai matsattsiyar roba da take barin shaida a ƙwauri. Dukawanmu da masu gyaran takalma suna iya ɗinka takalmi daidai ƙafar mutum, wanda hakan mafita ce ga masu faɗin ƙafa ko karkatattun yatsu.

Haɗarin Tafiya Ba Takalmi

A karkara da unguwanninmu har yanzu ana ganin yara da manya suna yawo ƙafa ba takalmi. Ban da ƙaya da ƙusa da fasasshiyar kwalba, akwai haɗarin da ido ba ya gani. 'Ya'yan tsutsar ciki mai ƙugiya suna rayuwa a ƙasa mai danshi wadda bayan gida ya gurɓata, suna huda fatar ƙafa su shiga jiki, su zauna a hanji suna tsotsar jini har su haddasa ƙarancin jini, musamman ga yara da masu juna biyu. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus, tana nan a cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma raunin da ya huda ciki, kamar na taka ƙusa, shi ne ƙofar da ta fi so. Tsargiya ma ta fata take shiga idan aka tsoma ƙafa a kududdufi ko tafkin da yake ɗauke da ita.

Ga manoma da makiyaya akwai kuma batun maciji. Yawancin sara a ƙafa ko ƙwauri ake yin sa, kuma kububuwa tana daga cikin macizan da suka fi yi wa mutanen yankin Arewa illa. Asibitin da ke Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna wajen karɓar irin waɗannan majiyyata, waɗanda sukan ƙaru a lokacin shuka da girbi. Dogon takalmin roba a gona da fitila a hannu da dare suna rage wannan haɗari ƙwarai. A kuma riƙa kakkaɓe takalmi kafin a sa, saboda kunama.

Motsa Jiki, Nauyi da Ciwon Dunduniya

A ƙa'idojin da ta fitar a shekarar 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligai da su riƙa yin matsakaicin motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Tafiyar ƙasa da ɗan sauri ta minti 30 a kwana biyar na mako ta cika mafi ƙarancin wannan adadi, tana kuma inganta zagayawar jini a ƙafa. Sai dai wanda ya daɗe bai motsa ba kada ya fara da gudu mai nisa a makon farko na shekara. Ya fara da minti 10 ko 15, yana ƙarawa sannu a hankali, cikin kambas da ya yi masa daidai.

Daga cikin ciwon da aka fi kai kuka a kansa akwai ciwon dunduniya, wanda alamarsa ita ce zafi kamar an soka ƙusa a takun farko bayan tashi daga barci, sannan ya ɗan lafa idan an taka. Yawanci yana faruwa ne idan faffaɗar jijiyar tafin ƙafa ta wahala saboda doguwar tsayuwa a kan siminti, ko ƙiba, ko takalmi maras kauri. Yakan warke ba tare da tiyata ba, amma yana iya ɗaukar watanni. Abubuwan da suke taimakawa sun haɗa da waɗannan:

1. Kafin a sauko daga gado, a kama yatsun ƙafa a ja su sama zuwa wajen ƙwauri na kimanin daƙiƙa 20, a maimaita sau uku.

2. A dafa bango, a tura ƙafa ɗaya baya, dunduniya tana ƙasa, gwiwa a miƙe, har a ji bayan ƙwauri ya ja. A tsaya daƙiƙa 30, a sauya ƙafa.

3. A zauna a riƙa murza kwalbar ruwan sanyi da tafin ƙafa na 'yan mintoci da yamma.

Ma'aikatan ofis da direbobi da teloli, masu yini a zaune, su riƙa tashi suna ɗan takawa bayan kowace sa'a, suna kuma juya idon sawu. Masu yini a tsaye kuwa su ɗora ƙafa a kan matashi na kimanin minti 15 idan sun koma gida. Rage ƙiba ma rage wa ƙafa kaya ne.

Gargaɗi na Musamman ga Masu Ciwon Sukari

Wannan sashe shi ne mafi muhimmanci a cikin bayaninmu. Tarayyar ƙungiyoyin yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 baligai kimanin miliyan 589 ne suke ɗauke da ciwon a duniya, kuma da yawa ba su san suna da shi ba. Tun a shekarar 2005 aka keɓe taken Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, wadda ake yi a ranar 14 ga Nuwamba, ga batun kula da ƙafa, saboda girman matsalar.

Sukari idan ya daɗe yana hawa yakan yi wa ƙafa illa ta hanyoyi biyu. Yana lalata jijiyoyin ji, sai mutum ya fara jin ƙafarsa tana zafi kamar barkono ko tana tsikari, daga bisani ta dushe ya daina jin ciwo. Yana kuma ƙuntata jijiyoyin jini, sai rauni ya ƙi warkewa. Ta haka mutum zai taka ƙusa, ko tsakuwa ta kwana a takalminsa, ko sabon takalmi ya ci shi, bai sani ba har wurin ya zama gyambo. Masana sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin ɗari na masu ciwon sukari za su gamu da gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma mafi yawan yanke ƙafar da ake yi wa masu wannan ciwo da gyambo yake farawa. Don haka wajibi ne mai ciwon sukari ya kiyaye waɗannan:

1. Ya duba ƙafarsa kowace rana a wuri mai haske, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. Idan ba ya iya sunkuyawa ko idonsa ya yi rauni, ya yi amfani da madubi ko ya sa wani daga cikin iyalinsa ya duba masa.

2. Kada ya taka ƙasa ba takalmi, ko da a tsakar gida. A lokacin bazara yashi da siminti da harabar da rana ta gasa suna iya ƙona tafin ƙafa cikin ɗan lokaci.

3. Kada ya kusantar da ƙafarsa ga kaskon wuta ko gawayi don jin ɗumi a lokacin sanyi. Ya sa safa. Ruwan wanka kuma ya gwada zafinsa da gwiwar hannu tukuna.

4. Ya zura hannu cikin takalmi ya laluba kafin ya sa.

5. Kada ya yanke kanta ko kaushi da kansa, kada kuma ya sa maganin cin kanta da ake sayarwa a kanti.

6. Ya bukaci ma'aikacin lafiya ya duba masa ƙafa aƙalla sau ɗaya a shekara. Akwai gwaji mai sauƙi da ake yi da wani siririn zare don a gane ko ji ya ragu.

7. Ya riƙe maganinsa da abincinsa yadda aka tsara masa, ya kuma bar taba, domin tana ƙara toshe jijiyoyin jini.

Duk wani rauni, komai ƙanƙantarsa, a ƙafar mai ciwon sukari, a kai shi asibiti cikin kwana guda. Rashin jin zafi ba ya nufin babu haɗari.

Yara, Masu Juna Biyu, Masu Sikila da Dattawa

Ƙananan yara yawanci tafin ƙafarsu a shimfiɗe yake, kuma lanƙwasar takan fito da kanta zuwa kimanin shekara 6, don haka wannan ba abin damuwa ba ne idan babu ciwo. Amma ƙafarsu tana saurin girma, sai a riƙa duba takalmin makaranta a farkon kowane zango. Kimanin jariri 1 cikin 1,000 akan haife shi da ƙafa a murɗe zuwa ciki. Ana gyara wannan da hanyar da Dakta Ignacio Ponseti na Jami'ar Iowa ta Amurka ya ɓullo da ita, inda ake miƙar da ƙafar a hankali ana ɗaure ta da filasta mako-mako. Ta fi yin nasara idan aka fara a makonnin farko bayan haihuwa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Asibitocin ƙashi, irin su na Dala da ke Kano, su ne wuraren da ya kamata a nufa.

Ɗan kumburin ƙafa ga mai juna biyu abu ne da aka saba gani. Amma idan kumburin ya zo farat ɗaya, ya haɗa da fuska da hannuwa, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, to alama ce ta hawan jinin da kan kai ga jijjiga, a garzaya asibiti. Masu sikila sukan yi fama da gyambo a kusa da idon sawu mai wuyar warkewa, don haka su kare wurin daga ƙujewa da cizon ƙwari. Dattawa kuma farcensu yakan yi kauri, ganinsu ya ragu, sai 'ya'ya da jikoki su ɗauki nauyin duba musu ƙafa, su kuma sama musu takalmin da ba ya santsi don gudun faɗuwa.

Targaɗe da Ƙananan Raunuka

Idan aka yi targaɗe, a huta da ƙafar, a naɗe ƙanƙara a cikin ƙyalle a ɗora na minti 15 zuwa 20 sau da dama a rana, a ɗaure da bandeji ba tare da matsewa ba, a kuma ɗaga ƙafar sama. A guji gasawa da ruwan zafi ko murza mai ƙarfi a kwana biyun farko. Idan mutum ya kasa taka ƙafar, ko siffarta ta canza, a je a ɗauki hoton ƙashi. Ɗaurin da ya matse ƙwarai, ko wane ne ya yi shi, yana iya tsayar da jini har ƙafa ta mutu. Idan yatsu suka yi sanyi ko suka canza launi ko suka dushe bayan ɗori, a sassauta nan take a tafi asibiti.

Ƙaramin rauni kuwa a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da bandeji mai tsabta. Kada a zuba masa ƙasa ko toka ko kashin shanu ko baƙin mai. Wanda ya taka ƙusa ya je a duba shi a kuma tantance ko yana bukatar allurar rigakafin tetanus.

Alamomin da Ba a Jira da Su

A gaggauta zuwa cibiyar lafiya mafi kusa idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: raunin da ya yi mako biyu bai nuna alamar warkewa ba, kumburi da ja da zafi masu yaɗuwa, ko ruwa mai wari, musamman tare da zazzaɓi, yatsa ko wani sashe da ya yi baƙi ko sanyi, kumburin ƙafa ɗaya tare da ciwon bayan ƙwauri, wanda yana iya zama daskarewar jini, kumburin ƙafafu biyu da ya ƙi sauka, wanda yana iya nuna matsalar zuciya ko ƙoda ko hanta, ciwon bayan ƙwauri da yake tasowa idan ana tafiya ya lafa idan an tsaya, da kuma tabo a fata wanda ba a jin taɓi a kansa, domin yana iya zama farkon kuturta, wadda ake warkewa daga gare ta kuma ake ba da maganinta kyauta.

Kammalawa

A taƙaice, abin da muke roƙon kowane magidanci da kowace uwargida shi ne su mayar da waɗannan abubuwa al'adar gida. A kowace rana a wanke ƙafa, a tsane ta, a dube ta, a shafa mai, a sa takalmin da ya dace. A kowane mako a duba farce da cikin takalma. Sau ɗaya a shekara, kuma watan Janairu ya dace da hakan, duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da ƙiba, ko akwai mai ciwon sukari a danginsa, ya je a auna masa sukari da hawan jini.

Muna kira ga masu unguwanni da limamai da malaman makarantu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na manoma da su taimaka wajen isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su da halin karanta shi. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya a wannan shekara, amin.